Ambaliya Uwar Kifi: Su a Tafkuna da Fadamun Jigawa

Duk wanda ya ratsa unguwar Yalwawa ta birnin Dutse bayan sallar La'asar zai tarar masu tuyar kifi sun fara hura wuta a bakin hanya. In ya dakata ya dubi abin da suka jera da kyau, zai ga kifin nan iri uku ne, ko da yake mai da yaji sun sa sun yi kama da juna. Akwai kifin ƙanƙara, wanda aka kamo a teku, aka sauke a Ikko, aka yiwo Arewa da shi cikin motar sanyi. Akwai tarwaɗar kiwo, wadda ta tashi a tankin siminti ko na roba, mai kitse, kowace kusan girman 'yar'uwarta. Sa'an nan akwai na ukun: karfasa da kurungu da tarwaɗar gulbi, da bandar da fatake ke ɗaukowa daga wajen Haɗeja. Wannan na ukun babu wanda ya ƙyanƙyashe shi, babu wanda ya ba shi abinci. Ruwan ƙasar nan ne ya haife shi ya kuma rene shi, kuma shi ne abin dubawa a wannan maƙala.

Tambayar da ta kamata ɗalibin kimiyya ya fara yi ita ce, yaya aka yi ƙasa irin wannan ta zama ƙasar kifi? Damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Ruwan da rana da iska ke iya shanyewa a shekara ya fi wanda sama ke zubarwa nesa ba kusa ba. Birnin Dutse kansa ba shi da wani babban kogi. Duk da haka kasuwar kifi ta Haɗeja sananniya ce a Arewa, kuma akwai garuruwa da yawa a Auyo da Kiri Kasamma da Guri inda su yake sana'ar gado.

Tsakanin dutse da yashi

Amsar tana ɓoye cikin sunayen nan biyu, Dutse da Jigawa. Daga Dutse zuwa kudu da yamma, ƙarƙashin ƙasa tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ya ɓullo fili ya kewaye garin. Ruwan sama ba ya samun wurin nutsewa sosai a irin wannan ƙasa, saboda haka sai ya taru ya gangara. Kogin Kano da kogin Callawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, wanda ke bi ta ƙasar Ringim ya nufi gabas. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratso ƙasar Bauci da Katagum.

Daga Dutse zuwa arewa maso gabas labari ya sake. Tsohon dutsen nan ya nutse can ƙasa, yashi da laka na kwarin Cadi sun binne shi. A bisa wannan shimfiɗa akwai dogayen tuddan yashi waɗanda iska ta tara dubban shekaru da suka wuce, lokacin da hamada ta gangaro kudu fiye da inda take a yau. Su ne jigayin da jihar ta ci sunansu da aka ƙirƙiro ta a 1991. Kogi in ya iso nan sai gudunsa ya mutu, domin ƙasar ba ta da gangare, ga kuma tuddan yashi sun gitta masa. Dole ya rarrabu. Wani reshe ya bi ta Kafin Hausa. Bayan garin Haɗeja kuma ya kasu zuwa tsohon kogin Haɗeja, da Burum Gana, da Marma wadda ke zuba a tafkin Nguru. Can wajen Gashuwa ne ragowar ruwan ke haɗuwa da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Cadi.

Tsakanin kowane tudu da tudu akwai kwari mai laka. In kogi ya cika ya tumbatsa sai ya malala cikin waɗannan kwaruruka. In ya janye sai ya bar ruwa a kwance. Waɗannan su ne mafi yawan tafkunan Jigawa. Ba su da zurfi, kuma da yawansu kafin ƙarshen bazara sun ƙafe, har a bi ta cikinsu da amalanke. Ban da su akwai tafkunan da ɗan'adam ya yi da hannunsa, kamar madatsar Warwade kusa da Dutse da ta Kalgwai a ƙasar Auyo. Iri biyun nan duka ruwa ne, amma a wajen kifi ba ɗaya ba ne, kamar yadda za a gani.

Shekarar kifi

Mutane da yawa sun ɗauka cewa a tafki kifi yake haihuwa ya girma. Gaskiyar magana ita ce, a ƙasa irin wannan tafki wurin jira ne kawai. Gonar kifi ita ce fadamar da ruwa ke hawa da damina ya sauka da kaka.

Tun watan Mayu, da zafi ya tsananta aka fara hadari, cikin matan kifi ya riga ya cika da ƙwai. Amma ba za su saki ba. Suna jiran alama, alamar kuwa ita ce sabon ruwa: jan ruwa mai sanyi-sanyi da ke shigowa yana ɗaga tsayin tafki. Da zarar ya iso, a cikin Yuli ko Agusta, sai tarwaɗa ta bar zurfi ta bi bakin ruwan da ke hawa, sau da yawa cikin dare bayan an yi ruwan sama, har ta shiga ciyawar da ruwanta bai kai gwiwa ba. Nan take watsa ƙwanta, su manne a jikin ciyawa. Babbar uwa guda tana iya zuba dubu hamsin ko fiye, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu sun ƙyanƙyashe. Daga nan ba ruwanta da su.

Karfasa dabararta dabam ce. Namiji ne ke share ɗan gurbi a ƙasan ruwa marar zurfi, mace ta zo ta zuba ƙwai, ya barbare su, sa'an nan ta kwashe su duka cikin bakinta. A nan za su ƙyanƙyashe, a nan za su zauna wajen mako biyu, ita kuwa duk tsawon lokacin ba ta cin komai. Ƙwanta ɗaruruwa ne, da wuya su wuce dubu biyu, amma saboda wannan reno kaso mai yawa ke tsira. Masuncin da ya ɗago karfasa ya ga ta tofar da 'ya'ya a cikin jirgi ya kashe fiye da kifi ɗaya. Bargi kuwa magini ne: yakan tsinke ciyawa a cikin malalen ruwa ya yi kewayayyar sheƙa mai faɗin kamar mita ɗaya, iyayen su tsaya gadi. Yauni ma sheƙa yake yi, tasa tana yawo a bisa ruwa. Wannan yaunin, af, shi ne kifin da wani masani na Jami'ar Kambirij mai suna Hans Lissmann ya gano a 1951 cewa yana fitar da ɗan lantarki marar ƙarfi ba dare ba rana, yana lalube hanya da shi cikin ruwa mai duhu. Nasa ba irin na minjirya ba ne, wadda ke girgiza mutum har ya saki koma.

Me ya sa dukansu suke neman malalen ruwa? Dalili shi ne abinci. Wata bakwai ko takwas fadama tana bushe. Shanun Fulani sun kwana a kanta sun bar kashi, ciyawa ta mutu, kara da ganye sun zube, rana ta gasa laka ta tsattsage. Ranar da ruwa ya hau, duk wannan taki sai ya narke a lokaci guda. Cikin 'yan kwanaki ruwan ya cika da ƙananan tsirrai da ƙananan dabbobi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, sa'an nan tsutsotsi da 'ya'yan ƙwari su biyo baya. Ɗan kifin da ya fito daga ƙwai a wannan mako ya faɗo cikin daula, ga kuma ciyawa da za ta ɓoye shi daga tsage da giwan ruwa. Kusan duk girman da kifin fadama zai yi a shekara, cikin wata uku ko huɗun nan yake yin sa, ya kuma tara kitsen da zai ci da rani.

Daga Oktoba ruwa ya fara janyewa. Manya su ne kan fara komawa kogi da tafkuna masu zurfi, ƙanana su biyo daga baya ta 'yan mashigai. Wannan shi ne kakar masunta, lokacin da banda ke arha.

Tsallake rani

Kifin da ya tsira daga koma bai gama da wahala ba. Tafki yana raguwa kullum, kifi yana cunkushewa, ruwa yana ɗumi. Ruwa kuwa gwargwadon zafinsa gwargwadon ƙarancin iskar oksijin da zai iya riƙewa: lita ɗaya a ma'aunin zafi 20 tana ɗaukar kimanin miligiram 9, a ma'auni 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba. Wannan ma in ruwan mai tsabta ne. In akwai ruɓaɓɓen ganye a ƙasa, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi su ma oksijin suke sha, kuma da dare tsirran ruwa ba sa samar da sabuwa. Shi ya sa da asuba ne ake ganin kifi ya taso sama yana hamma, kuma da asuba ne yake mutuwa.

Giwan ruwa da tsage da kawara ba sa jure wannan hali. In ba su sami ruwa mai zurfi ko mai gudu ba, sun halaka. Tarwaɗa kuwa tana da abin da ba su da shi. In aka buɗe marfin da ke gefen kanta, a bayan jajayen matatun nan masu kama da matsefi waɗanda kowane kifi ke numfashi da su, za a ga wata tsoka mai rassa kamar ƙaramar bishiya. Da ita take shaƙar iskar sarari kai tsaye. Saboda haka tana iya zama cikin taɓo, tana iya jan ciki da dare a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa daga wannan kududdufi zuwa wancan, kuma saboda haka ne take isa kasuwa da ranta cikin ɗan ruwa kaɗan.

Amma gwanar rani ita ce gaiwa, wadda masana ke kira Protopterus annectens. Ita huhu gare ta sosai, har in aka hana ta leƙowa sama sai ta nutse ta mutu kamar akuya. In ruwa ya kusa ƙafewa sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe, jikinta ya fitar da yauƙi wanda zai bushe ya zama mata kamar jaka, ta bar 'yar ƙofa daidai bakinta domin iska. Bugun zuciyarta ya ragu, ba ci ba sha. Dattin jiki wanda a cikin ruwa take fitarwa nan take, yanzu sai ta juya shi zuwa wani sinadari marar dafi sosai, irin wanda ke cikin fitsarin mutum, ta ajiye har ruwa ya dawo. Hausawa sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci, kuma bincike ya gaskata su: tsokar jikinta take narkarwa a hankali tana rayuwa da ita. Wata bakwai a haka ba komai ba ne a wurinta. An taɓa ajiye ta a ɗakin gwaji shekaru, da aka zuba ruwa ta farka.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan halittu an gina su ne a kan ruwa mai zuwa ya tafi. Bushewar fadama ba masifa ba ce gare su. Rabin shekararsu ce.

Lissafin fili da kifi

Wani masanin kifi ɗan Ingila mai suna Robin Welcomme, wanda ya daɗe yana aiki da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tattara bayanan koguna masu fadama na Afirka ya wallafa littafi a kansu a 1979. Abu biyu ya nuna. Na farko, yawan kifin da ake kamawa a kogi yana bin faɗin filin da ruwa ke malalewa, kuma a kan samu kimanin kilo 40 zuwa 60 a shekara daga kowace hekta. Na biyu, kamun bana yana bin ambaliyar bara da ta bara waccan, domin kifin da ke shiga taru yau a wancan ruwan aka haife shi. Tsofaffin masunta sun san wannan ba tare da littafi ba.

To, a dausayin Haɗeja da Nguru, binciken da aka yi ya nuna cewa a shekarun 1960 da farkon 1970 ruwa kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekara mai kyau. Zuwa farkon shekarun 1990 abin ya dawo tsakanin 70,000 da 100,000. Ɗalibi na iya ɗaukar alƙalami. In aka ce an rasa hekta 150,000, aka ninka da kilo 50, an sami tan 7,500 ke nan a shekara. Wannan ƙiyasi ne na allo, ba awon sikeli ba, amma ya isa ya nuna girman abin da ake magana a kai: mota mai ɗaukar tan 10 sai ta yi sawu 750.

Ina ruwan ya tafi? Wani kaso fari ne ya ci. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun taɓa dukan yankin Sahel, kuma a wannan zamani ne tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Amma damina ta gyaru daga baya, yanayin kogin Haɗeja kuwa bai koma yadda yake ba. Dalili na biyu yana can sama, a Jihar Kano.

Madatsu da kacalla

An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Callawa kuma a 1992. Su biyun nan suna riƙe da ragamar kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Babu mai hankalin da zai ce ba su da amfani. Da ruwansu birnin Kano ke sha, da shi ake noman rani a Kadawa da Kura, tumatir da shinkafa da alkama, kuma su kansu tafkunan madatsun suna ciyar da masunta. Sai dai kifin madatsa yana da wata ɗabi'a: shekarun farko, lokacin da ruwa ya haɗiye daji da gonaki, kifi kan yi yawa ƙwarai, in takin nan ya ƙare sai kamu ya faɗi. Haka aka gani a tafkin Kainji bayan an datse kogin Kwara a 1968. Madatsa ambaliya ɗaya take yi a rayuwarta, fadama kuwa kowace shekara.

Aikin madatsa shi ne ta kama ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani. Wato ta rage tsawon ambaliya, ta kuma hana kogi bushewa. Na farkon kowa ya hango illarsa. Na biyun kuwa an ɗauka alheri ne, sai ga shi ya zo da baƙuwar da ba a gayyata ba.

Kacalla, wadda masana ke kira Typha, doguwar ciyawa ce da kan fi mutum tsawo. Abin da take so shi ne ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. A dā rani ne ke kashe ta, shanu da wuta su ƙarasa. Da kogin Haɗeja ya koma gudu rani da damina, sai ta sami gindin zama. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, kanta guda kuma yana ɗauke da dubban 'ya'ya masu tashi a iska. Inda ta kafu ruwa sai ya rage gudu, yashi da laka su kwanta, mashigi ya cushe, ita kuma ta ƙara samun wuri. Ta haka tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe a wurare da yawa, ruwa ya karkata Marma. Sakamakon ya zama abin takaici ta fuska biyu: wasu garuruwa gonakinsu sun nutse shekara da shekaru ba sa fitowa, wasu kuma fadamarsu ta daina ganin ruwa.

A wajen masunci, kacalla ta hana jirgi wucewa, ta hana shimfiɗa taru da jefa birgi. A wajen kifi kuwa, inuwarta ta hana hasken rana isa ruwa, ƙananan tsirran da ake kafa abinci a kansu suka ragu, ruɓaɓɓen ganyenta kuma yana shanye oksijin. Tarwaɗa da gaiwa suna iya zama a ciki, har ma suna samun mafaka daga koma, kuma wannan shi ne ɗan alherinta. Amma masu son sarari da ruwa mai iska sun ja baya. Ban da haka ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa, da sauro, da dodon-koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. Gwamnati da jama'ar gari sun sha yanke ta, da lauje da injin, amma muddin ruwa na kwance rani da damina, yankan aski ne: za ta sake tsirowa.

A nan dole a faɗi wata magana, domin kalmar ambaliya ba ta da daɗin ji a Jigawa. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a 2012, ko a 2022 lokacin da gidaje suka rushe gonaki suka nutse a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da sauransu, ba zai so a kira ambaliya uwar komai ba, kuma yana da gaskiya. Amma ruwan da ke hawa fadama a hankali cikin lokacinsa dabam yake da wanda ke fasa gari cikin dare. Hasali ma toshewar hanyoyin ruwa da yashi da kacalla tana cikin abin da ke sa kogi ya bar hanyarsa ya faɗa wa mutane.

Idon koma

Ba za a ɗora wa madatsa laifi duka ba. Masunta sun ƙaru, kayan aiki kuma sun sake. A dā zaren koma na auduga ne ko na rama, saƙarsa aiki ce, kuma yana ruɓewa. Zaren roba ya zo da arha da ƙarko. Masunta suna auna idon raga da yatsa, kuma duk wanda ya zagaya bakin ruwa zai ga mai yatsa ɗaya, har ma da gidan sauro da aka mayar taru. Ga kuma dumba, wato jerin gura da ake gittawa a mashigi daga wannan gaɓa zuwa waccan daidai lokacin da ƙananan kifi ke komawa tafki, ba mai wucewa. Mafi muni shi ne zuba guba irin su Gamalin 20, maganin ƙwari wanda ke kashe babba da yaro, ya kuma bi kifin har cikin tukunya. Dokar tarayya mai lamba 108 ta 1992 ta haramta su da guba da nakiya da lantarki, ta kuma sa milimita 76, wato inci 3, a matsayin mafi ƙanƙantar idon raga, ban da 'yan nau'o'in raga da aka keɓe. Dokar tana da kyau a takarda.

Karfasa tana da wata amsa ga wannan matsi wadda ke ruɗin mutane. In ana kwashe manya, ko ruwa ya yi mata kaɗan, sai ta fara haihuwa tun tana ƙarama, tsawonta bai fi tafin hannu ba. Saboda haka tafki zai cika da kifi, a ɗauka lafiya lau, alhali duka 'yan firit ne waɗanda ba za su yi nauyi ba. Yawan kai ba shi ne yawan nama ba.

Tsarin gargajiya ya fahimci wannan tun kafin zuwan doka. Sarkin Ruwa kan rufe tafki bayan ruwa ya janye, ba mai sa koma sai ranar da aka sanar, a taru da gora da homa a yi su na gayya. A kimiyyance wannan hutu ne da ke ba kifi damar ƙara nauyi, kuma zurfafan wuraren da homa ba ta kaiwa suna barin iri na baɗi. Bikin su na Argungu a kan wannan ƙa'ida yake tsaye, domin Matan Fada a rufe take sauran shekara. Haka kuma bikin Badawa na Gogaram a Jihar Yobe. Inda sarautar ruwa ta koma karɓar kuɗin shiga kawai, wannan hikima ta tafi.

Ko za a iya mayar da ruwa?

Tun da aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru a 1987, masana suka fara auna abin da fadama ke bayarwa. Nazarin da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya haɗa noma da su da itacen wuta, ya gano cewa kowace ƙwaryar ruwa da aka bari ta malala a fadama tana jawo amfanin da ya ninka sau da yawa na wadda aka karkatar zuwa manyan filayen noman rani na sama. Shawarar da ta fito ba rushe madatsa ba ce. Cewa aka yi a sake tsarin sakin ruwa: a saki mai yawa a Agusta, daidai lokacin da kogin Jama'are, wanda har yanzu ba a datse shi ba, yake cika, sa'an nan a rage da rani har wasu rassan su bushe kacalla ta ji jiki.

An gwada irin wannan a maƙwabta. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 ta hana ruwan kogin Lagon hawa fadamar Waza, kifi da makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wani mashigi da aka toshe, ruwa ya koma wani sashe na fadamar, ciyawa da kifi suka dawo cikin 'yan shekaru. A nan gida, an sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta bi a 2008, kuma a 2006 jihohi shida da ke shan wannan ruwa suka amince da kafa asusun kula da shi. Wahalar ita ce mabuɗin ruwa yana Kano, kacalla tana Guri, mai jiran ragowa kuma yana Gashuwa, kowa da buƙatarsa da watan da yake son ruwa.

Makarantar sakandare ba ta da iko da mabuɗin Tiga, amma tana iya koya wa ɗalibai karanta kifi, kuma kayan aikin ba su wuce ruula da reza da gilashin ƙara girma ba. A sayo karfasa goma daga masuntan Warwade ko daga kasuwa, a auna tsawon kowace, a tsaga ciki a duba ko da ƙwai, a rubuta tsawon mafi ƙanƙantar da aka samu da ƙwai. In aka maimaita haka kowane wata, aji ɗaya ya miƙa wa na bayansa littafin, cikin shekara uku makarantar za ta san watan da ya kamata a ɗaga wa tafkin ƙafa, ta kuma san ko kifinsa yana tsukewa. Sa'an nan a ciro ɓawo guda daga gefen kifin, ƙasa da fiffiken baya, a wanke, a ɗaga shi ga haske. Za a ga zobba a jere kamar na kututturen itace. Inda suka yi tazara, lokacin cikar ruwa ne da yalwar abinci. Inda suka matsu, sanyin hunturu ne da yunwar rani. A ƙirga matsattsun wuraren, a rubuta adadinsu kusa da tsawon kifin.